Daga Abuja zuwa Jos a kan keke cikin bazara: ka kai Hawan Kibo da asuba

Wani matashi da ke aiki a Abuja ya aiko mini da tambaya. Shi da abokinsa suna son su taka keke daga Abuja zuwa Jos a watan Afrilu, lokacin da za su samu hutu, kuma sun yanka wa kansu kwana biyu. Ya ce mafi nisan tafiyar da ya taɓa yi kilomita 60 ce, ita ma a cikin gari. Yana son ya san ko abin zai yiwu, wane irin keke ya dace, kuma ruwa nawa zai ɗauka.

Ƙanena, zai yiwu. Na bi wannan hanyar a kan keke, hawa da gangara, kuma na daɗe ina taka tsaunukan Filato. Amma kwana biyun nan ka cire shi daga ranka, ka mai da shi uku. Ba don ina raina ƙarfin ƙafarka ba. Nisan bai kai abin tsoro ba, kusan kilomita 280 ne idan ka bi ta Keffi da Akwanga. Abin da ke kayar da mutane a hanyar nan shi ne su iso gindin Hawan Kibo, dogon hawan dutsen da ke kaiwa saman Filato, rana ta take, jiki ya riga ya sha wuya, ruwa ya kusa ƙarewa. Duk tsarin tafiyarka ka gina shi a kan abu guda: hawan nan da sanyin safiya za ka yi shi.

Bari in faɗa maka dalili, domin wanda ya gane dalili ba ya buƙatar a riƙa tuna masa. Jikin mutum injin ne mai ɓarnar wuta. A cikin ƙarfin da kake ƙonawa idan kana taka feda, abin da ke isa ga taya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk zafi ne da ya zama dole jiki ya fitar. Hanyar fitar da shi ita ce zufa, kuma zufa ba ta sanyaya ka sai ta bushe a kan fata. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta kana gudun kilomita 20 a awa, iskar da kake ketawa tana busar da ita, shi ya sa za ka ji daɗi ko da rana tana dukan ka. Da ka fara hawa sai lissafi ya juye. Gudu ya koma kilomita 6 ko 7, iska ta ɗauke, aikin ƙafa ya ninka, kwalta tana turo nata zafin daga ƙasa. Zufa sai ta riƙa tsiyaya daga haɓa tana ɗiga a kan ƙarfen keke, ka yi asarar ruwan ba tare da ka samu sanyin ba. A nan zafin cikin jiki ke hawa da sauri fiye da yadda mutum ke zato.

Afrilu kuwa shi ne lokacin da abin ya fi muni a ƙasan tsauni. A Abuja da Keffi da Akwanga zafi kan kai digiri 36 ko ya wuce, ga damshin da ke shigowa gabanin damina, wanda ke hana zufa bushewa. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 daga matakin teku, Abuja kuma ba ta kai 500 ba. Iska kan rage kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da ka hau, shi ya sa mu a nan zafinmu kan tsaya wajen digiri 30. Amma sanyin nan lada ne da ke jiran ka a sama. Hawan kansa a cikin zafin ƙasa ake fara shi.

Ga yadda ni zan raba ta. Ranar farko ka bar Abuja da zarar an idar da sallar asuba, gari ya fara wayewa. Ka gangara Kugbo a hankali, ka wuce Nyanya da Mararaba kafin cunkoso ya kankama. Sa'arka ɗaya, da safe yawancin motoci cikin Abuja suke nufa, kai kuma fita kake yi. Ka wuce Keffi, ka ci gaba har ƙarfe goma da rabi, iyaka sha ɗaya, sannan ka sauka. Daga nan har la'asar ba ka da aiki sai inuwa, abinci, sallah da barci. Ƙarfe huɗu ka sake hawa, ka shiga Akwanga kafin magariba. Hanyar Keffi zuwa Akwanga tagwaye ce yanzu, za ka samu gefen da za ka raɓa. Rana ta biyu hanya ta koma guda ɗaya, ta fara tudu da kwari, za ka ratsa garuruwa irin su Andaha da Gwantu da Fadan Karshi. Kada ka kwaɗaitu da ƙarasawa. Ka kwana kafin hawan, a inda ka riga ka shirya masauki tun kana gida, domin wuraren kwana a wannan tsakanin ba su da yawa, kuma ba na son ka zama baƙon da ke neman makwanci bayan isha'i. Rana ta uku ita ce ta dutse. Daga yankin ruwan Assop da ke gangarowa daga dutse zuwa Jos kilomita sittin da 'yan kai ne. Idan ka fara da duku-duku, kafin hantsi ya yi zafi ka hau, sauran tafiyar ta Riyom da Mararabar Jama'a da Bukuru a cikin iskar Filato za ka yi ta.

Ni na taɓa yin akasin haka, shi ya sa nake nanata maka. Na taso daga Akwanga a makare saboda faci, na ce ai na saba, zan ƙarasa a yini ɗaya. Wajen ƙarfe ɗaya na rana na fara hawan. Wata tirela tana gabana tana nishi, tana tafiya kamar ba ta so, yaron motar yana bin ta a ƙasa riƙe da waigi a kafaɗa. Ina jin warin hayaƙinta da na kwalta. Can na duba rigata, gishiri ya zana fararen layuka a ƙirji da hammata. Ban damu ba. Abin da ya tsorata ni shi ne da na ji tsigar jikina ta tashi, sanyi ya ratsa ni a tsakiyar wannan rana, sannan na tsinci kaina ina ƙirga feda ina ɓacewa, na kasa haɗa goma. Na sauka da ƙyar, ƙafafuna suna rawa. Wata baiwar Allah mai sayar da ayaba a bakin hanya ta dube ni ta ce, "Malam, zauna nan, idonka ya juya." Ta kwance ɗankwalin da take yin gammo da shi, ta jiƙa, ta ɗora mini a wuya, 'yarta tana yi mini fifita da murfin kwali. Na fi awa biyu a ƙarƙashin rumfarta. A bayan wata a-kori-kura na ƙarasa Bukuru da kekena a ranar, kuma sai da na yi kwana biyu fitsarina bai koma daidai ba.

To ka riƙe alamomin nan. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗewar tsoka, bugun zuciya da ya ƙi sauka ko da ka rage gudu, jin sanyi a cikin zafi: wannan galabaita ce, maganinta ka tsaya nan take, ka shiga inuwa, ka jiƙa jiki, ka sha ruwa mai gishiri kaɗan-kaɗan, tafiyar wannan yinin kuma ta ƙare. Wadda ta fi ta haɗari ita ce idan hankali ya fara taɓuwa. Abokinka ya fara sambatu, ko ya riƙa yin faɗa ba dalili, ko kekensa ya riƙa kai kawo a kan titi, ko ya faɗi. A nan zafin cikin jiki ya kai digiri 40 ko ya haura, kuma yana iya kisa. Kada ka jira ka ga zufa ta ɗauke, mai aikin ƙarfi yakan shiga wannan hali jikinsa sharkaf. Ku kwantar da shi a inuwa, ku cire masa kaya, ku kwarara masa duk ruwan da kuka samu kuna fifita, in akwai ƙanƙara ku sa a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma ya tare mota zuwa asibiti. Sanyayawa ake farawa da ita, ba a jira sai an isa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Amfanin tafiya ku biyu ke nan, domin wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen sani. Ku yi alkawari tun a gida cewa duk wanda ya ce a tsaya, an tsaya, ba gardama.

Batun ruwa, kada ka tambaye ni lita nawa za ka ɗauka daga Abuja, ka tambayi jikinka nawa yake zubarwa. Gwajin mai sauƙi ne. Ka hau sikeli kafin ka fita, ka yi awa ɗaya kana takawa a cikin zafi, ka dawo ka goge jiki ka sake hawa. Duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce, sai ka ƙara abin da ka sha a hanya. Mutane da yawa za su ga lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Ciki ba ya iya karɓar duk wannan ana tafe, don haka abin da za ka yi shi ne shan ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace awa, kurɓi-kurɓi, ragowar bashin ka biya shi a lokacin hutun rana da dare. Leda ɗaya rabin lita ce, lissafin ba wuya. Ka riƙe lita uku a jikin keke, ka cika a duk garin da ka samu, ko da gorar ba ta yi rabi ba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, na sani, amma ita ce nauyin da ban taɓa nadamar ɗauka ba. Fitsari shi ne ma'auninka: in ya yi fari-fari kana lafiya, in ya koma kalar shayi kana bin jikinka bashi, in ka yi awa huɗu ba ka ji shi ba, ka sauka daga keke.

Sai dai ruwa zalla ba ya isa, har yana iya cutarwa. Zufa da gishiri take fita. Wanda ya yini yana zubar da ita yana mayar da ruwa tsura, gishirin jininsa na iya yin ƙasa, ya kumbura, kansa ya yi ciwo, ya rikice, mutane su ɗauka ƙishirwa ce su ƙara masa ruwa. Ka sayi ƙullin gishiri da sukari na kemis, irin wanda ake ba mai gudawa, ka riƙa haɗa gora ɗaya da shi, ɗaya kuma ruwa. In ya ƙare ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wani abu kuma da nake roƙon ka: kada ka sha maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac don ka samu ƙarfin ci gaba. Idan jiki ya bushe, suna iya taɓa ƙoda. Ƙwayoyin da wasu ke sha wai don kada su gaji, da lemukan kwalba masu sa kuzari, abin da suke yi shi ne su toshe maka kunne daga gargaɗin da jikinka ke yi.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani, hanyar cike take da shi. Koko da ƙosai ko shayi da burodi da asuba. A aljihu dabino, ayaba, gyaɗa mai gishiri, ka riƙa jefa wani abu a baki duk rabin awa tun kafin yunwa ta zo, domin ajiyar sukarin jiki ba ta wuce ta awa biyu idan ana aiki sosai. Lokacin mangwaro ne, ga kankana. Fura da nono ka bar ta sai hutun rana, tana da nauyi, tana kawo barci, kuma a lokacin barcin kake so. Ka lura da ruwan da aka dama ta da shi, gudawa a rana ta biyu ta gama da tafiyar.

Yanzu keke. Ba tsadarsa ba ce, giyarsa ce. Tsofaffin kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix ƙarfe ne na gaske, iyayenmu sun kai buhuna kasuwa da su, amma giya ɗaya gare su, duk zagayen feda yana tura ka kusan mita 5. A kan dutse wannan turawa za ka koma yi da hannu. Ka nemi keken hawan dutse mai farantin sarƙa uku a gaba, ƙaramin ya zama mai haƙori 22 ko 24, babban na baya kuma 32 ko 34. Da 22 a gaba da 34 a baya, a kan taya mai inci 26, zagaye ɗaya bai kai mita ɗaya da rabi ba. Za ka ga kamar ba ka tafiya, amma ƙafa tana juyawa sau 70 a minti ba tare da ka danne gwiwa ba, numfashi bai sarƙe ba, zafin da jiki ke haifarwa ya ragu. Ma'aunina a hawa shi ne magana: in ba za ka iya ce wa abokinka jimla guda ba sai ka yanke ta da haki, ka sauke giya. In giya ta ƙare, ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Na fi son taya mai inci 26 saboda ko a ƙauye za ka samu irinta da tif ɗinta. Ka zaɓi mai santsin tsakiya, masu manyan ƙuraje suna shan ƙarfi a kan kwalta.

Kaya a kan kariyar keke za su zauna, ba a bayanka ba. Jakar goyo tana rufe wurin da ya fi ko'ina fitar da zufa, tana kuma danna ka a kan sirdi. Kada su wuce kilo 8 ban da ruwa. Tif biyu, faci da sholisho, famfo, sifana da makullan da suka dace da kusoshin kekenka, wayar birki ɗaya, ɗan man sarƙa, fitila gaba da baya. Hular kwano dole ce. Riga mai dogon hannu, fara, sakakkiya, ta fi singileti, domin fatar da rana ta ƙona ba ta sanyaya jiki yadda ya kamata. Ka sa ƙyalle a wuya kana jiƙa shi. Wando mai soso a ciki, ka wanke shi kullum da dare, ka shafa man basilin a inda cinya ke gugar sirdi. Gurjewar wurin nan ta mayar da mutane gida fiye da gajiya. Kuma kada ka yi tafiyar da sabon sirdi ko sabon takalmi. Ka saka rigar ruwa mara nauyi a ƙasan jaka: a Afrilu hadari kan taso wa Filato ba sallama, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma mutumin da ya jiƙe da zufa ya haɗu da iskar Riyom zai yi rawar ɗari.

In kuna da niyyar dawowa a kan keken, gangarar ta fi hawan haɗari. Birkin roba yana gugar ƙarfen ƙafa, in ka riƙe shi tun daga sama har ƙasa ƙarfen zai yi zafin da ba za ka iya taɓawa ba, tif na iya fashewa kana cikin gudu. Ka matse da ƙarfi ka rage gudu, ka saki, ka sake matsewa, gaba da baya, ka tsaya sau biyu ko uku ka bar shi ya huce. Kunnenka kuma ya kasance a baya. Hawan Kibo ya yi suna wajen manyan motocin da birki ke ƙwace musu, in ka ji hon ba ƙaƙƙautawa kada ka waiwaya neman dalili, ka fita daga kwalta. Abin sauraron waƙa a kunne ba shi da wuri a wannan hanya.

Kilomita 60 ɗin da ka yi a gari mafari ne mai kyau, amma ka ba kanka wata biyu. Abuja ba ta rasa tudu ba: hawan Mpape, Katampe, hanyar Dutsen Alhaji zuwa Bwari. Ka riƙa hawa da kayan da za ka yi tafiyar da su. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka yi doguwar tafiya kwana biyu a jere, Asabar 80, Lahadi 80, domin ƙafar rana ta biyu daban take da ta farko. Jiki kuma yana koyon zafi. Cikin kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki a cikin ɗumi, awa ɗaya a rana, zufa kan fara fita da wuri, gishirin cikinta ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Wanda ke yini a ofis mai na'urar sanyi, ya kwana a ɗaki mai ita, bai saba da zafin Abuja ba ko da shekara goma ya yi a garin. In kana da hawan jini, ciwon sukari ko sikila, ko ka tashi daga zazzaɓin cizon sauro kwanan nan, ka ga likita kafin ka sa rana. Da azumi a baki kuma ba a yin wannan tafiya, ko na nafila ne.

Maganar tsaro ba zan ɓoye maka ba, hanyar tana da lokutan da take ɗaukar zafi. Kwana ɗaya kafin ku tashi ka je tasha ka tambayi direbobin da ke zirga-zirgar Jos, sun fi kowa sanin halin da ake ciki a ranar. Ba tafiyar dare, ba kwana a daji, katin shaida a aljihu, a shingen jami'an tsaro ka sauka ka gaisa. Wani a gida ya san inda kuke a kowane zango. Ka riƙe kuɗin mota a wani aljihu daban, wanda zai ɗauke ku da kekunan in abu ya ƙi.

Da za ka iya ɗaga hutun zuwa Nuwamba ko farkon Disamba, da na fi so, damina ta wuce, zafi ya sauka, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba. In kuma Afrilun ce kaɗai ke hannunka, to ka ƙara kwana ɗaya a takardar neman hutun, ka kira mai masaukinku na dare na biyu tun yanzu, kuma ran Asabar ɗin nan ka hau sikeli kafin ka fita Mpape.